Hular da Ke Jiran Kai

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Kakanmu, mahaifin babanmu, ya amsa kiran Mahaliccinsa ranar wata Laraba da hantsi, a ɗakinsa na soron ciki a gidanmu da ke Sheshe, bayan 'yar gajeruwar jinya. Kafin azahar lungunmu ya cika maƙil, har masu babur suka riƙa zagayawa ta bayan masallaci.

Mu mata muna ciki, ba mu je jana'iza ba. Amma da aka fito da makara na hau bene na leƙa ta taga, kuma abin da na gani shi ya sa na ɗauki alƙalami. Huluna na gani. Tsofaffin huluna, wasu sun koɗe, wasu zaren bakinsu ya fara tsinkewa, dukansu ɗinkin hannun Kaka. Akwai wani mai sayar da taya da na sani, yanzu ya ajiye tumbi, kansa ma ya ƙara girma, ya dai ɗora tasa a ƙeya don ta ƙi shiga. Goggonmu tana tsaye a bayana tana share hawaye da gefen mayafi, ta ce, "Kin ga mutanensa? Duk wanda kika gani da irin hular nan, ya taɓa cin wani wasa a garin nan."

Wata tsohuwa daga Kabara ta shigo yi mana gaisuwa, ko zama ba ta gama yi ba ta ce, "Ni ɗana ya gagari kowa, ba abin da ya iya sai langa. Ranar da Baba ya sa aka ɗora masa hula a gaban mutane, ranar ya fara jin kunyar a gan shi a wurin banza. Allah Ya ji ƙansa, Ya sa ya huta." Babanmu kuma ya ce da suka dawo daga maƙabarta, limamin unguwa ya riƙe hannunsa ya ce, "Shekara da shekaru ina yi wa mahaifinka faɗa a kan 'yan wasan nan nasa. Yau ga shi sun cika mini sahu har bakin titi."

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne amininsa, wani dattijo Bafulatani da suka yi rayuwa suna buga dara a gindin dakalin ƙofar gida. Mu asalinmu Barebari ne, kakan Kaka ya zo daga Borno da buhun littattafai, saboda haka tsakanin mutanen nan biyu ba a rasa tsiya. An ce ya tsaya a kan gawar ya daɗe, sannan ya ce, "Babarbare, gudu ka yi. Ka san bana ma ni zan cinye ka." Daga nan aka kama shi aka zaunar.

Mutum biyu ne ba su gaisa ba a zaman makokin nan, kuma kowa ya lura. Yayana, wanda muke ciki ɗaya, yana wannan bakin tabarma. Ɗan Baffanmu, wanda suka tashi tare kamar tagwaye, yana wancan bakin. Sun haura shekara goma ba su yi wa juna magana ba. A ɗakin mamacin kuwa, a jikin wata ƙusa da ke saman gadonsa, akwai hula guda a naɗe cikin farin ƙyalle, wadda ya ɗinka saboda su biyun, ba a taɓa sa ta ba. Ita ce abin da Kaka ya tafi da shi a ransa, kuma mu jikokinsa duk mun sani.

Sana'arsa ɗinkin hula. Da ita ya ci, da ita ya aurar da 'ya'yansa, da ita ya je Makka. Yana zama a zaure daga hantsi, tabarau a kan karan hanci, allura a hannu, 'yar rediyonsa a gefe an ɗaure murfin batirinta da roba. Ba ya sauraron waƙa. Labarin duniya ma sama-sama yake ji. Amma in aka zo labarin wasanni, ko kai waye sai ka yi shiru. Ba ƙwallon ƙafa kaɗai ba: dambe, tsere, kokawa, ƙwallon tebur, har da wasannin da bai taɓa gani da idonsa ba, irin wanda ake yi a kan ƙanƙara. Na taɓa tambayarsa, "Kai da ko ƙanƙarar firji haƙorinka ba ya ɗauka, ina ruwanka da masu sulu a kanta?" Ya ce, "Amarya, mutum ya tashi da asuba shekara guda yana wahalar da jikinsa, a ce ba wanda ya riƙe sunansa? Ni na riƙe."

Bai da ƙungiya. Samarin unguwa sun yi juyin duniya ya zaɓi ɗaya daga ƙungiyoyin Turai, ya ƙi. Cewa yake, "Ni ɗan kallo ne, ba ɗan gaba ba."

Al'adarsa kuwa ita ce wannan. Duk shekara, washegarin cika-ciki bayan la'asar, a share ƙofar gida, a shimfiɗa tabarmi. Kaka ya fito da babbar riga ya zauna a kan dakali, ya fara jero gwanayen shekarar da ta wuce, da ka, ba takarda. Daga nesa yake farawa: wanda ya fi kowa gudu a duniya, wanda ya riƙe kambun dambe, ƙasar da ta ɗauki wane kofi. Sunayen da harshensa ya kasa, sai ya raɗa musu nasa. In ya faɗi gwani, dole ya faɗi wanda gwanin ya kayar. Ya kan ce, "Wanda ya ci ba shi kaɗai ya yi wasan ba." A haka zai taho, ya shigo nahiyarmu, ya shigo ƙasa, ya shigo cikin badala, har ya iso lungunanmu. Na nesa addu'a suke samu. Na kusa, kowa da hularsa.

Sai dai hular tana da sharaɗi, kuma a nan ne Kaka ya bambanta da masu raba kofi. Ba ya ɗora wa kowa hula da hannunsa. Wanda aka kayar a wasan ƙarshe, shi ake miƙa wa. Wanda ya ci kuma sai ya zo gabansa ya sunkuyar da kai, sannan a ɗora masa. In ɗaya ya ƙi, hula ta koma ɗaki. Bai taɓa faɗa mana inda ya samo wannan ba. Goggo tana zaton tun yana saurayi ya taɓa kayar da wani a kokawa suka rabu baram-baram, amma zato ne kawai. In saurayi ya tsaya yana cijewa, Kaka ya kan leƙo ta saman tabarau ya ce, "Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Balle ma wannan ya fi ka tsawo."

Shi ma bai tsira daga dokarsa ba. Duk shekara amininsa ke cinye shi a dara, duk shekara kuma shi ke ɗinka hular, shi ke ɗorawa. Yana ɗorawa yana mita: "Kan Bafillace kamar goran nono, zarena kawai yake ci." Shi kuma ya sunkuya yana cewa, "Ɗora da ladabi, bawana."

Akwai shekarar da har yanzu in an ce "shekarar nan" a gidanmu, kowa ya san wadda ake nufi. Ita ce shekarar da ƙasarmu ta ɗauko kofin nahiya, sannan dab da cika-ciki yaranmu ƙanana suka ɗauko na duniya. Kaka ya yi ta murna kamar shi aka ba. A unguwa ma kamar an buɗe ƙofa. Ɗan mahautan bayan gidanmu ya yi kisa a dambe. Wani yaro mai gyaran rediyo ya share kowa a ƙwallon tebur. Tseren keke ya faɗo hannun wani ɗan Sheshe, langa ta tafi Kabara. Abin mamaki, har dara Kaka ya ci, karo ɗaya tilo a rayuwarsa. Da yake bai taɓa zaton haka ba, ya riga ya ɗinka hular daidai kan amininsa. Da aka ɗora masa sai ta zarme har kunnuwa. Haka ya kai dare da ita, yana ɗaga haɓa don ya ga hanya.

Ni ma a shekarar na ci tseren 'yan mata na makarantun cikin gari. Ban sa rai da komai ba, tunda mace ba ta sa hula. Ashe tsohon nan ya sayi farin ɗankwali ya bi gefensa da irin zanen hulunansa. Maganar ta kai kunnen liman, ya zo har zaure. Ina daga soron ciki ina jin su.

"Alhaji, abin naka ya fara yawa. Yarinya budurwa, a tara maza a kira sunanta?"

"Malam, ba a gaban maza za a ɗaura ba, a cikin gida ne, gaban iyayenta mata. Suna kuwa zan kira. Ta yi gudu, ta ci."

"Gudu ai ba na mata ba ne."

"To, ranar da gobara ta tashi a lungun nan, wa ya riga kowa kai labari gidan mai unguwa? Ba ka ce mata ta tsaya ta nemo namiji ba."

Liman ya yi tsaki ya tafi, sun yi kusan wata ba sa doguwar gaisuwa. Yarinyar da na tsere wa, 'yar Kabara, ita ta zo ta ɗaura mini ɗankwalin a tsakar gida, na sunkuya mata, muna ta dariya. Yau ita ce babbar ƙawata, sunanta na sa wa 'yata ta fari.

A shekarar ne kuma ƙwallo ta raba gidanmu. Baffa ya riga ya tashi ya koma Kabara da iyalinsa, saboda haka ɗansa ya zama golan ƙungiyar can, Yaya kuma yana buga wa ta Sheshe gaba. Suka haɗu a wasan ƙarshe na unguwanni, a wani fili da ke wajen Ƙofar Ɗan Agundi. Filin ba raga. Sanduna biyu ne a kafe, da igiya a sama. Aka kai Kaka a babur, aka ajiye masa kujera a bayan gola sosai don ya gani da kyau.

Wasa ya tafi canjaras har rana ta yi ja. Ana dab da tashi aka ba Sheshe fenareti, Yaya ya ajiye ƙwallo a gaban ɗan'uwansa. Ya buga da ƙarfi, ta shafi sanda ta wuce. Ta ciki ta bi ko ta waje? Da akwai raga da ba a yi musu ba. Alƙalin wasa ya hura usur ya ce ta shiga. Ɗan Baffa ya yi tsalle ya ce wallahi tallahi ta waje ta bi. Ya rantse a gaban jama'a, ya sake rantsewa. Yaya kuma, da zafin nasara a kansa, ya ce, "Wanda aka ci ai ba ya rasa rantsuwa." Wannan kalmar ce ta yi ɓarnar, ba ƙwallon ba.

Ranar rabon hula aka kira su. Ɗan Baffa ya zo, don ba ya iya ƙin kiran Kaka, amma ya harɗe hannuwa a ƙirji. Ya ce, "Kaka, in na ɗora masa, na yarda na yi rantsuwar ƙarya ke nan. Kai kana bayana a zaune. Ka faɗi abin da ka gani." Yaya ya ce, "Ni ma ba zan sunkuya wa wanda ya ce na ci da zalunci ba. Kaka ya faɗa." Kaka ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Ni hula nake ɗinkawa, ba alƙalanci ba." Ya naɗe ta ya miƙa a kai ɗaki. Ban taɓa ganin fuskarsa ta faɗa irin ta ranar ba.

Mun zaci abin kwana biyu ne, tunda harshe da haƙori ma suna saɓawa. Ina! Yaya ya yi aure, ɗan Baffa ya aiko da gudummawa bai zo ba. Aka yi sunan ɗan fari a Kabara, Yaya ya ce yana da tafiya. Iyayenmu suka yi faɗa, suka yi lallashi, suka gaji. Ni kaina na ji haushin Kaka, ba zan ɓoye ba. Na same shi na ce, "Kai tsohon nan, kalma ɗaya ce fa. Ciki ko waje. Ka faɗa a huta mana." Ya ci gaba da soka allurarsa, ya ce, "Amarya, kin cika gaggawa. Shi ya sa kika ci tsere."

Abin da na lura da shi daga baya shi ne, su biyun ba wanda ya daina zuwa wurinsa. Yaya ya kan shigo ranar Juma'a bayan masallaci, ɗan Baffa kuma ranar Lahadi, don kada su haɗu. Kowa ya zo da ɗan abin hannunsa, ya zauna, a yi hirar wasannin mako, a ƙarshe ya karkato da maganar: "Kaka, ranar nan fa..." Shi kuma ya ce, "Miƙo mini zaren can." Duk shekara in ya gama jero gwanaye, sai ya rufe da cewa, "Akwai hula ɗaya a ɗaki tana jiran kai." Tun mutane suna dariya har suka daina.

A 'yan shekarun nan idonsa ya yi rauni, ɗinki ya gagara, sai ya koma sayen zare yana ba wasu su ɗinka yana biyansu, yana shafa aikin da yatsa yana kushewa. Jeren gwanaye kuwa bai taɓa fashi ba. A jinyarsa ta ƙarshe na je duba shi, na tarar ya sa an sauko masa da ƙullin nan yana riƙe da shi a ƙirji. Ya ce, "A duba mini ko asu ya taɓa ta." Na buɗe. Shuɗiya ce mai ratsin fari, zaren yana ƙyalli kamar jiya aka gama. Na ce lafiyarta lau. Ya ce, "To, mayar." Maganar ƙarshe ke nan da ta shiga tsakanina da shi.

Ranar addu'ar uku, bayan an shafa fatiha jama'a sun ragu, aminin Kaka ya dogara sandarsa ya shigo soron ciki. Ya ce a kira masa jikokin nan biyu, a kira iyayensu, ni ma da Goggo muka tsaya daga bakin ƙofa. Ya sa aka ɗauko ƙullin ya ɗora a cinyarsa.

Ya ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kun yi shekaru kuna tambayar mutumin nan abin da ya gani. Ni na tambaye shi tun a daren ranar. Kun san me ya ce mini?"

Ya juya ya dubi Yaya, ya ci gaba.

"Bai ga komai ba. Da kai ka ja da baya za ka buga, shi kuma wannan ya buɗe hannuwa, Babarbaren nan rufe idonsa ya yi. Ya ce ba zai iya kallon jikansa yana harbin jikansa ba. Sai ihu kawai ya ji."

Ɗan Baffa ya ɗago kai. "To me ya hana shi faɗa, Baba? Shekara nawa!"

"Na ce masa haka. Ya ce in ya ce bai gani ba, kowannenku zai tafi da gaskiyarsa, ba mai sake waiwayar wani. Amma muddin kuna zaton amsar tana bakinsa, za ku riƙa zuwa ɗaki ɗaya, kuna zama a kan tabarma ɗaya, ko da ba rana ɗaya ba. Yana fatan wata rana ku yi kuskuren rana ku haɗu." Ya goge idonsa da bakin rawani. "Ba ku taɓa kuskuren ba. Yanzu ga shi ba Juma'a, ba Lahadi. Ni ba zan roƙe ku ba, ba jikokina ba ne. Ga kayanku."

Ya ajiye hular a tsakiyar tabarma, ya zare hannunsa.

Ina jin Goggo tana salati ƙasa-ƙasa. Tsoro ya kama ni, don na san in suka fita daga soron nan a haka, shi ke nan, ba sauran ɗakin da zai haɗa su.

Yaya ne ya fara motsi. Ya cire 'yar tashi-ka-fiye-nacin da ke kansa ya ajiye. Ya ja gwiwa har gaban ɗan Baffa, ya sunkuyar da kai. Sai a lokacin na ga furfura ta fara fito masa a tsakiyar kai. Ya tsaya a haka, ba shi da tabbacin za a ɗora.

Ɗan Baffa ya dubi kan nan ya daɗe. Sannan ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Har gobe ƙwallon nan ta waje ta bi."

Yaya bai ɗago ba. Ya ce, "Ban ce ka yi ƙarya ba. Maganar da na faɗa ranar nan, bakina ne ya yi kuskure."

Ɗan Baffa ya miƙa hannu ya ɗauki hular. Ya sa yatsu ya buɗe ta yadda Kaka yake yi, ya ɗora, ya danna gaba, ya gyara gefe. Ta zauna daram. Bai janye hannuwansa ba, ya bar su a kan ɗan'uwansa.

Aminin Kaka ya yunƙura ya miƙe, ya dubi ƙusar da ke saman gadon, wadda ba komai a jikinta yanzu. Ya ce, "To, Babarbare. Wannan karon kai ka ci."

Allah Ya ji ƙan Kaka, Ya haskaka kabarinsa, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Mu kuma da ya bari, Allah Ya ba mu ikon sunkuya wa juna tun muna da kan da za a ɗora wa hula. Amin.